Waiwaye: Yadda Zamalek ta samu inuwarta, da yadda take rasa ta

Ka ambaci Zamalek a majalisar masu kallon ƙwallo a Kano ko Damagaram, abin da zai faɗo wa kowa a rai shi ne ƙungiyar nan mai farar riga da jan layi biyu a ƙirji, wadda ta hana Shooting Stars ta Ibadan kofin zakarun Afirka har sau biyu, a 1984 da 1996, wadda kuma Emmanuel Amuneke ya taka wa leda kafin ya wuce Turai. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙungiyar ba a Zamalek take zaune ba. Gidanta yana can Mit Okba, ta ɓangaren Giza. Babbar kishiyarta, Al Ahly, ita ce ke da mazauni a kan tsibirin da unguwar Zamalek take, tun farkon ƙarnin da ya wuce.

Zamalek ɗin ta ainihi unguwa ce a tsakiyar Kogin Nilu, a kan wani tsibiri mai tsawon kusan kilomita 4 da mutanen Alƙahira ke kira Gezira, wato Jazira, tunda su jim ɗinsu "g" suke furta shi. Ɗaliban Azhar 'yan Najeriya sun san ta, domin ofishin jakadancin ƙasar yana can a titin Gabalaya, kuma duk wanda ya tashi daga ƙurar Abbasiyya ko Madinatu Nasr ya haye gada ya shiga tsibirin, abu na farko da zai lura da shi shi ne inuwa. Bishiyoyi sun haɗe kai a saman tituna, tsofaffin gidaje sun ɓuya a bayan ganye. A birnin da hamada ta kewaye, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ita wannan inuwar ce ake ta jayayya a kanta shekara da shekaru, kuma ba a fahimtar jayayyar sai an koma baya an ga wanda ya dasa ta.

Asalin tsibirin laka ce da kogi ya tara. Kafin a gina madatsun ruwa na Aswan, ambaliya ce ke yanke masa iyaka kowace shekara, ta ci nan ta ƙara can. Reshen kogin da ke yammacinsa har yau sunansa Bahrul A'ama, Makahon Kogi, saboda a da yakan ƙafe idan ruwa ya janye. Sunan Zamalek kansa ana cewa daga wata kalmar Turkanci ya fito, mai nufin bukkokin kara irin waɗanda sojoji ke kwana a ciki. Ke nan unguwar da ta zama ta masu hannu da shuni, da sunan bukka ta fara.

Wanda ya sauya mata kamanni shi ne Khidiwi Isma'il, jikan Muhammad Ali Basha, da ya hau mulkin Masar a 1863. Ya hau a kan sa'a: yaƙin basasar Amurka ya hana audugar can fita, farashin audugar Masar ya yi tashin gwauron zabo, kuɗi suka shigo kamar ba za su ƙare ba. Isma'il ya yi karatu a Faris, ya kuma koma a 1867 ya ga yadda aka faffaɗa titunanta aka cika ta da lambuna, sai ya ƙudura cewa Alƙahira ma haka za ta zama. Ana jingina masa maganar cewa ƙasarsa ta bar Afirka ta koma yankin Turai. Ga kuma babban biki yana tafe, na buɗe mashigin ruwan Suwez a watan Nuwamban 1869, wanda ya gayyato sarakunan Turai domin su halarta.

Don saukar waɗannan baƙi ya gina Fadar Gezira a bakin kogi. Babbar baƙuwar ita ce Eugénie, matar Sarkin Faransa Napoleon na Uku, kuma ana ba da labarin cewa an shirya ɗakunanta yadda za su yi kama da nata na Faris, don kada ta ji baƙunta. Maginin Bajamushe ne, Julius Franz. Bakunan ƙarfe masu ado irin na Andalus da ke gaban fadar a Jamus aka ƙero su aka ɗauko ta jirgin ruwa. Aka ɗaure gaɓar kogi da dutse don ruwa ya daina cin ƙasa, aka ɗauko Barillet-Deschamps, wanda ya shugabanci aikin lambunan Faris, aka kawo irin itatuwa daga Indiya da sauran ƙasashe masu zafi. Har yanzu akwai ɗaya daga cikinsu a tsaye kusa da Hasumiyar Alƙahira, wata ƙatuwar bishiya 'yar uwar ceɗiya, mai saiwoyi da ke saukowa daga rassa su kafe a ƙasa su zama kamar ginshiƙai. Ta haura shekara 150. A wancan zamanin ne kuma aka yi lambun Gabalaya, mai tudu da kogwanni na ginin hannu da aka saka gilasan kifi a bangonsu. Mutanen gari suna ce masa Lambun Kifi, ko da yake a yau jemagu da masu zance sun fi kifin yawa.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Yaƙin Amurka ya ƙare a 1865, auduga ta faɗi, amma Isma'il bai rage hannu ba, ya ci gaba da cin bashi a bankunan Turai. A 1875 ya sayar wa Birtaniya hannun jarin Masar a mashigin Suwez a kan kusan fam miliyan 4. A 1879 aka tuɓe shi. Shekara uku bayan haka sojojin Birtaniya suka shigo Masar. Fadar da aka gina don a burge Turawa ta koma hannun masu bin bashi, ta zama otal a 1894.

A ganina nan ne asalin lamarin yake. Lambun Zamalek tun farko dukiyar mutum ɗaya ce, ba ta gari ba, shi ya sa tun daga ranar da mai ita ya faɗi kowa ke yankar rabonsa. Sojojin Birtaniya suka fara: a 1882 aka ware wani makeken fili a tsakiyar tsibirin aka yi kulob na wasanni, da filin sukuwa da na folo da na golf, wanda ya zama Kulob ɗin Gezira. An daɗe Bamasare ba ya shiga sai in Basha ne, wato mai babban muƙamin sarauta, ko wani na kusa da fada. Abin mamaki, wannan wariyar ce ta tsare filin. Da ba don kulob ɗin ba, da tuni benaye sun cinye tsakiyar tsibirin. Kafa Al Ahly a 1907, wadda sunanta ke nufin "ta ƙasa", wani irin martani ne na ɗalibai masu kishin ƙasa da ke son su ma su samu wurin taruwa.

Arewacin tsibirin kuwa aka yanka shi fuloti-fuloti, kuma tsakanin farkon ƙarni na 20 da shekarun 1940 aka gina mafi yawan abin da masu yawon buɗe ido ke zuwa gani a yau. Bashoshi da 'yan kasuwar auduga, Siriyawa da Girkawa da Yahudawa da Turawa, kowa ya kafa gidansa da lambunsa. Iyalan Lutfallah suka sayi tsohuwar fadar a 1919 suka mayar da ita gidan zama. Wani mai otal-otal ɗan Suwizalan, Charles Baehler, ya gina jerin benayen haya da har yau ke ɗauke da sunansa. Fadar A'isha Fahmi, wadda Antonio Lasciac ya zana a 1907, tana nan a bakin kogi da tagoginta na gilashi mai launi da ɗakinta na ado irin na Japan. An gyara ta an sake buɗe ta a 2017 a matsayin wurin baje kolin zane-zane. Gidan Yarima Amr Ibrahim ya zama gidan tarihin tangaran na Musulunci, inda aka tara kwanuka da tuluna tun na zamanin Faɗimiyyawa.

Mai shigowa ta kudu, ta gadar Kasrun Nil da zakunanta huɗu na tagulla, zai ci karo da mutum-mutumin Sa'ad Zaglul, jagoran boren 1919, aikin Mahmud Mukhtar, wanda shi ma gidan tarihinsa yana nan kusa.

Juyin mulkin 1952 ya zo da nasa rabon. Babban titin unguwar da ake kira titin Fu'ad ya koma 26 ga Yuli, ranar da Sarki Faruk ya sauka daga gado. Gwamnatin Jamal Abdunnasir ta karɓe kadarorin gidan sarauta da na manyan attajirai, baƙi da yawa suka tattara suka bar ƙasar, gidajensu suka zama makarantu da ofisoshi da mazaunin jakadu. Aka yanki wani sashe na Kulob ɗin Gezira aka yi cibiyar matasa don 'ya'yan talakawa. Fadar Isma'il ta sake zama otal mai suna Umar Khayyam, daga baya a farkon shekarun 1980 aka kafa mata dogayen benaye biyu dama da hagu ta zama Marriott. Nasir ya bar tasa alamar: Hasumiyar Alƙahira mai tsawon mita 187, wadda Na'um Shabib ya zana da siffar furen bado, aka gama a 1961. Labarin da ya shahara shi ne da kuɗin da Amurka ta aiko don sayen zuciyarsa ya gina ta, don su riƙa ganinta daga ofishin jakadancinsu.

Amma abin da ya fi taɓa gidajen Zamalek daga wancan zamani ba hasumiya ba ce, dokar haya ce. Gwamnati ta daskarar da kuɗin haya, ta hana mai gida tashin ɗan haya, har ma 'ya'ya suna gadon zama. Shekaru suka wuce, kuɗin Masar ya yi ta faɗuwa, sai ga shi mutum yana zaune a gida mai ɗaki shida a bakin Nilu yana biyan abin da bai kai kuɗin kofin shayi a shagon ƙasan benen ba. Wannan ya riƙe tsofaffin iyalai a unguwar, ya hana ta zama ta masu kuɗi zalla. Ta ɗaya gefen kuma ya kashe wa masu gidaje zuciyar gyara. Wanda gidansa ba ya kawo masa komai, ƙasar da gidan ke kai kuma tana da darajar miliyoyi, me zai fi so in ba ginin ya ruɓe ya faɗi ba?

Da Anwar Sadat ya buɗe kasuwa a shekarun 1970, sai guduma ta fara aiki. Aka yi ta rushe gidaje masu lambu ana tayar da benaye. Wanda ya fi yi wa mutane ciwo shi ne gidan mawaƙiya Ummu Kulsum a titin Abul Fida. Ta rasu a 1975, miliyoyi suka raka gawarta, aka yi ta maganar mayar da gidan wurin tarihi, amma ba a daɗe ba aka sayar aka rushe, aka kafa otal mai sunanta a wurin. Mutum-mutuminta ne kawai ke tsaye a kusa. Aka shimfiɗa gadar sama ta 15 ga Mayu a bisa titin 26 ga Yuli, ta rufe masa rana, gadar 6 ga Oktoba kuma ta ratsa ta kan filin kulob. Tsohuwar gadar ƙarfe ta Abul Ela da aka buɗe a 1912 aka kwance ta a 1998. Akwai kuma dogon benen Foda, wanda aka tayar tun shekarun 1970 don ya zama otal, har yau ba a buɗe shi ba.

Ba duka ne asara ba. Bayan tsohon gidan opera na Isma'il da ke cikin gari ya ƙone a 1971, a kan tsibirin aka gina sabo da taimakon Japan, aka buɗe a 1988. A ƙarƙashin ita gadar 15 ga Mayun, inda a da juji ne, aka buɗe cibiyar al'adu ta Sakiyatus Sawi a 2003, inda matasa ke taruwa don kiɗa da wasan kwaikwayo da lacca.

Doka mai lamba 144 ta 2006 ta hana rushe gine-ginen da aka yi wa rajista a matsayin masu daraja, kuma ta rage ɓarnar, ko da yake masu gidaje kan kai ƙara kotu a cire nasu daga jerin. Daga nan sai rigimar ta tashi daga gidaje ta koma kan bishiyoyi da filaye. Mazauna sun yi shekaru suna adawa da ratsa layin dogo na ƙarƙashin ƙasa ta unguwar, suna cewa ƙasar laka ce, ba za ta ɗauka ba. A watan Yulin 2020 ƙasa ta zabtare kusa da wurin haƙar, benen Sharbatli ya tsage, aka kwashe mazaunansa. An ci gaba da aikin, aka buɗe tashar a 2022 da sunan Safa'a Hijazi. A nan kam ba zan ba mazauna gaskiya ɗungurungum ba: masu gadi da masu aikin gida da direbobi da ke tahowa daga Imbaba da Bulak kullum safiya su ma suna da haƙƙi a kan tsibirin, kuma jirgin ya sauƙaƙa musu. Inda mazaunan suka yi nasara shi ne a 2021, lokacin da aka sanar da shirin kafa wani ƙaton lilo mai juyawa na mita 120 a lambun Masalla. Suka yi ca, aikin bai tashi ba. Shi kansa dogon dutsen Fir'auna Ramsis na Biyu da lambun ya samo sunansa daga gare shi, an ɗauke shi a 2019 an kai sabon birnin Alamain. A 2022 kuma aka janye gidajen kan ruwa da ke ɗaure a gaɓar Kit Kat, daura da Zamalek, waɗanda suka yi fiye da ƙarni suna cikin abin da mai tsayawa a bakin Makahon Kogi ke gani.

Yanzu hankali ya sake komawa kan haya. A watan Nuwamban 2024 kotun tsarin mulki ta ce daskarar da kuɗin hayar gidaje ya saɓa wa kundin tsarin mulki, majalisa ta yi sabuwar doka, Shugaba Sisi ya sa mata hannu a watan Agustan 2025. A manyan unguwanni tsohuwar haya ta ninka sau 20, mafi ƙaranci fam 1,000 na kuɗin Masar a wata, tana kuma ƙaruwa da kashi 15 cikin ɗari kowace shekara. Shaguna da ofisoshi an ba su shekara biyar, gidajen zama shekara bakwai, bayan nan mai gida zai iya karɓar makullinsa. Wa'adin masu zama a benayen Baehler da ire-irensu a kan tsohuwar yarjejeniya zai cika a 2032.