Tim LaHaye: sojan yaƙin duniya da ya koma fasto mai gyaran aure

Wai shi wane ne Tim LaHaye ɗin?

Ba'amurke ne, fasto ɗan ɗarikar Baptist, an haife shi a Detroit a watan Afrilun 1926, ya rasu a San Diego ranar 25 ga Yuli 2016 yana da shekara 90, bayan shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Babansa leburan kamfanin motoci na Ford ne, ciwon zuciya ya ɗauke shi a 1936 yaron bai ma cika shekara goma ba, kuma shi da kansa ya sha faɗa cewa hudubar da faston ya yi a wajen jana'izar, kan cewa wata rana za a sake haɗuwa, ita ce ta zauna masa a rai har tsufa. Yawancin mutane in ka ambaci sunansa littattafan tashin duniya suke tunawa, amma ni a ganina aikin da ya fi shiga gidajen mutane shi ne na nasihar aure.

Da gaske ya yi soja ko dai irin labarin da ake ƙara wa mamaci ne?

Ya yi. A 1944 yana ɗan shekara 18 ya shiga rundunar sojan sama ta Amurka, aka tura shi fagen Turai, aikinsa riƙe bindiga mai jigida a cikin jirgin da ke sakin bama-bamai. Bai daɗe a kaki ba tunda yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, kuma bai mayar da sojan abin tinƙaho ba. Da ya dawo sai ya tafi jami'ar Bob Jones, makarantar Kiristoci ce masu tsananin riƙo, can ya haɗu da Beverly suka yi aure a 1947, ya gama a 1950. Ya fara da wani ɗan coci na ƙauye a Karolina ta Kudu, ya wuce Minnesota, daga nan San Diego inda ya riƙe cocin Scott Memorial kusan shekara 25.

To ta yaya fasto ya zama mai ba ma'aurata shawara?

Ai a can ma, kamar yadda a nan in aure ya rikice wajen malam ko liman ake fara zuwa kafin a je gaban alƙali, ofishin fasto shi ne zangon farko. Miji da mata su shigo kowa ya cika ya batse, ita ta ce ba ya magana, shi ya ce ba ta barinsa ya yi, kuɗi, tarbiyyar yara, surukai, sai can ƙarshe in an yi sa'a wani ya yi ƙarfin hali ya faɗi ainihin abin da ya kawo su, wato matsalar shimfiɗa. LaHaye ya ga abu ɗaya yake ta maimaituwa, shi ne shi da matarsa suka fara zagaya garuruwa suna tarukan zaman iyali da suka kira Family Life Seminars.

A 1976 suka fitar da The Act of Marriage, kuma nan ne fa aka yi ta ka-ce-na-ce. Littafi ne da ya yi maganar saduwar ma'aurata ɓaro-ɓaro, da bayanin halittar jikin namiji da mace, da cewa ita ma mace tana da haƙƙin gamsuwa kuma mijin da bai damu da hakan ba ya gaza, duk an jingina da ayoyin Littafi Mai Tsarki. A coci-cocin masu ra'ayin riƙau na wancan lokacin wannan magana ce da kunya ta rufe, amarya ta shiga ɗaki ba wanda ya taɓa ce mata uffan. Da yake fasto ne da matarsa suka rubuta, ba wani ɗan iskan gari ba, sai iyaye suka samu fuskar saya wa 'ya'yansu a matsayin kyautar biki. An sayar da fiye da kwafi miliyan biyu. Ko kana son mutumin ko ba ka so, wannan kam ya yi jarumta.

Maganar halaye huɗu da ake ta yi fa, shi ya ƙirƙiro ta?

A'a, ya dai yaɗa ta ne, tun daga littafinsa Spirit-Controlled Temperament na 1966. Asalin abin tsohon ilimin likitancin Girka ne, zamanin su Hippocrates da Galen, wanda likitocin Musulunci irin su Ibn Sina ma suka yi aiki da shi: jini, majina, ruwan ɗaci rawaya da baƙi, wai wanda ya rinjaya a jikinka shi ke tsara halinka. Shi LaHaye sai ya bi wannan ya raba mutane gida huɗu, mai fara'a da surutu, mai zafin kai da son jagoranci, mai zurfin ciki da yawan tunani, da mai sanyin jiki da ba ya son rigima, ya ce kowane yana da ƙarfinsa da rauninsa kuma imani ne ke gyara raunin. Shi ya sa za ka ji matasa a coci-cocin Najeriya wani na cewa shi kolerik ne, wato mai zafin kai, wata ta ce ita melankoli ce, wato mai zurfin ciki, don littattafansa sun cika shagunan littattafan Kirista a nan. Masana ilimin halayyar ɗan Adam na yau ba su ɗauki wannan rabon a matsayin kimiyya ba, kuma gaskiyarsu ne. Amfaninsa bai wuce ya sa mace ta daina ganin shirun mijinta a matsayin raini ba, illarsa kuma mutum ya fake da shi ya ce haka Allah ya yi ni, ba zan canja ba.

Littattafan tashin duniyar fa?

Left Behind kenan, na farko ya fito 1995, suka kai 16. Shi ke tsara yadda annabce-annabcen za su jeru bisa fahimtarsa, marubuci Jerry Jenkins kuma shi ke zama ya rubuta labarin. An sayar da sama da miliyan 60, har fim an yi. Malaman Kirista da yawa, na Katolika da ma wasu Furotesta, ba su yarda da wannan fassarar ba.

Kowa ne ke tuna shi da alheri?

Ina! Mutumin ya tsunduma siyasa sosai. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa ƙungiyar siyasa ta Kiristoci masu ra'ayin riƙau, Moral Majority, a 1979, shekarar da Beverly ta kafa ƙungiyar mata ta Concerned Women for America, a 1981 kuma ya bar mumbari ya taimaka aka kafa Council for National Policy, wani dandalin manyan masu ra'ayin riƙau. A 1987 ya shiga kwamitin kamfen ɗin Jack Kemp na neman shugaban ƙasa, kwanaki kaɗan ya sauka saboda an tono rubuce-rubucensa masu zafi a kan cocin Katolika. Masu fafutukar 'yancin mata ma sun soki koyarwarsa ta cewa miji ne shugaban gida mace ta bi. Magoya bayansa kuma abin da suke nunawa shi ne aurensa da Beverly ya kai shekara 69 da 'ya'ya huɗu, su ce mai wa'azin aure dai ba a nemi hujjar da ta wuce wannan a wajensa ba. Ita Beverly ta rasu a 2024.