Awa 2, 4, 6, 8: ƙa'idar barin ci kafin a shiga tiyata

Da zarar allurar barci ta kama mutum, tari da haɗiya sun tsaya, ƙofar da ke tsakanin maƙoshi da tumbi kuma ta saki. In akwai abinci a ciki, yana iya tasowa ba tare da yunƙurin amai ba, ya gangara huhu. Ruwan ciki mai tsami ne, ƙona huhu yake yi. A 1946 wani likitan haihuwa a New York, Curtis Mendelson, ya ƙirga mata 66 cikin 44,016 da hakan ya same su wajen haihuwa. Biyu suka rasu, dukansu gutsuren abinci ne ya shaƙe su.

Ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka, ASA, ta fitar da ƙa'idarta a 1999, ta kuma sabunta ta a 2011, 2017 da 2023. Ruwa garai ana iya sha har saura awa 2. Nonon uwa awa 4. Madarar gwangwani ta jarirai, nonon shanu da abinci mara nauyi kamar burodi da shayi, awa 6. Nama, soye-soye da duk abin da ke da maiƙo, awa 8 ko fiye.

Wajen "ruwa garai" ne ake yawan tafka kuskure. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ka ɗaga kofin gilashi ba ka hango yatsanka ta cikinsa ba, yi hattara. Ruwan sha da shayi ba madara sun shiga, baƙin kofi ma an yarda da shi. Koko, kunun gyaɗa, fura da nono da ruwan lemon da ba a tace ba duk abinci ne, ko da kurɓa ake yi. Madara in ta haɗu da tsamin ciki daskarewa take yi, kamar kindirmo.

Tsohuwar al'adar hana ko ɗigon ruwa tun sha biyun dare ba ta da madogara ga mai lafiya. Wanda za a shiga da shi da azahar sai ya galabaita, jijiya ta ɓuya, sa ƙarin ruwa ya zama aiki, yaro kuma sukarin jininsa na iya faɗuwa.

Awannin an yanka su ne don mai ƙoshin lafiya da aka tsara wa aiki. Mai naƙuda, wanda ya yi haɗari, mai toshewar hanji, mai ciwon suga da ya daɗe, da mai yin allurar ciwon suga ko rage ƙiba irin Ozempic, cikinsu na jinkirin saukar da abinci. Irin waɗannan likita kan ɗauke su a matsayin masu cikakken ciki: a shaƙa musu iskar oksijin zalla na kamar minti 3, a ba da maganin barci da na sassauta tsoka a jere, a zura bututu a maƙogwaro, a hura balan-balan ɗinsa ya toshe gefe, na'urar zuƙe amai kuma tana kunne a kusa da kai. Wanda ya ɓoye cewa ya karya da ƙosai don kada a ɗaga masa aiki, za a sa shi barci ba tare da wannan shirin ba.