Shinge mai ƙafa huɗu da babban kare: abin da mai sayen gida a Amurka zai fara dubawa

A Kano ko Maraɗi, wanda ya sayi fili yakan ja katanga gwargwadon ƙarfin aljihunsa, ya ɗora waya ko fasassun kwalabe a sama, ba mai ce masa uffan. Shi ya sa ɗan'uwanmu da Allah ya hore wa sayen gida a Amurka yake shan mamaki ranar da aka ce masa shingen da zai kewaye gidan da ya saya da guminsa ba zai wuce ƙafa huɗu ba. In yana da babban kare kuwa, abin ya wuce mamaki ya koma damuwa, domin ƙafa huɗu mita ɗaya ce da 'yan kai, kuma kare irin Jaman Shefad mai jini a jika ba ya ɗaukar wannan a bakin komai.

Wannan ƙa'ida galibi daga ƙungiyar masu gidajen unguwa take fitowa, wadda ake kira HOA a taƙaice. Kamfanin da ya yanka filayen ya gina unguwar shi ke rubuta kundin sharuɗɗa tun farko, wanda za ka ga an rubuta masa CC&Rs a takardu, ya kai shi rajista a ofishin ajiyar takardun filaye na gunduma. Daga ranar, sharuɗɗan a jikin filin suke manne. Duk wanda ya sayi gidan ya gaje su, ko ya karanta ko bai karanta ba, kuma ba shi da ikon cewa ya fita daga ƙungiyar. Fiye da mutum miliyan 70 ne ke zaune a irin waɗannan unguwanni a Amurka, saboda haka mai neman gida a sababbin unguwannin gefen Hiyuston ko Atalanta da wuya ya kauce musu.

Hukuma biyu ce a kanka. Akwai dokar gari, wadda a wurare da dama take barin ƙafa shida a filin baya da gefen gini, uku ko huɗu a gaba. Gidan da ke kan kusurwar titi yakan samu ƙarin ragi domin direba ya hango abin da ke tahowa. Sai kuma kundin ƙungiya, wanda yake iya fin dokar gari tsanani, kuma dole ka cika duka biyun. Izinin da ka karɓo daga hukumar gari ba zai wanke ka a gaban ƙungiya ba. Ita takan shiga har cikin kayan da za a yi shingen da su, da launin fenti, da ɓangaren katakon da zai kalli maƙwabci. Waya mai raga an hana ta a unguwanni da yawa. Gidan da ke kallon tafki ko filin wasan golf sau da yawa ba a yarda masa da komai sai gajeren shingen sandunan ƙarfe, don kada a tare wa mutane kallo. Akwai ma inda aka hana shinge baki ɗaya.

A nan mai kare ya kamata ya tsaya ya yi tunani da kyau, domin tsayi kaɗai ba shi ne magana ba. Ka dubi kare yana tsaye bayan sandunan ƙarfe: ƙafafunsa na gaba a kan sandar sama, hancinsa ta tsakanin ƙarafan, yana ganin kowane yaro mai keke da kowane mai kawo wasiƙa. Haushi zai yi ta yi, kuma kusan kowane kundi yana da sharaɗin hana damun maƙwabta. Kare irin Haski kuma ko an ba shi ƙafa shida, ta ƙasa zai haƙa ya fice. Sannan sharuɗɗan dabbobi a wani babi suke daban da na shinge: adadin karnuka, nauyinsu, wani lokaci har da jinsin da aka hana. Abin da ya fi shafar mu shi ne batun kwanan kare a waje. Yawancinmu ba ma shigar da kare ɗaki, a tsakar gida muka saba ajiye shi, amma kundin wasu unguwanni ya hana gina masa keji a waje ko ɗaure shi da sarƙa. Ina ganin wannan babin ya cancanci a karanta shi tun kafin na shingen.

Wasu ƙungiyoyin sukan ce a yi shingen ɓoye, wato waya da ake binnewa a ƙasa, a rataya wa kare abin wuya mai ɗan jan lantarki idan ya matso iyaka. Ni ban natsu da shi ga babban kare ba. Wanda ya zabura yakan keta ya wuce, kuma wayar ba ta hana ɗan maƙwabci ko wani kare shigowa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da abin da ido ya gani. Dogon shingen maƙwabci wataƙila an yi shi ne kafin a sauya ƙa'ida. Wanda ka tarar a gidan da za ka saya wataƙila ba a taɓa ba shi izini ba, kuma da ka karɓi makulli laifin ya dawo kanka. Dillali ya ce ba matsala, wannan magana ce ta baki. Mai yanke hukunci shi ne kwamitin duba gine-gine na ƙungiyar, wanda ake miƙa wa takardar neman izini haɗe da taswirar fili da bayanin tsayi da kayan aiki, a jira amsa a rubuce, sau da yawa wata guda ko fiye. Wanda ya yi gaban kansa zai fara da wasiƙar gargaɗi, sai tara, ƙarshe a iya sa shi rushe shingen da kuɗinsa. A jihar Fulorida, doka ta ƙayyade tarar a dala 100 kan kowane laifi, jimilla kada ta wuce dala 1,000 sai in kundin ya faɗi wani abu daban, kuma sai an ba mutum sanarwar kwana 14 da damar kare kansa.

Dokokin jihohi sun ɗan rage wa ƙungiyoyin ƙarfi, amma kada a ɗora musu abin da ba su faɗa ba. A 2021 Teksas ta hana ƙungiya haramta wa mai gida kewaye gidansa don tsaro, sai dai ta bar mata ikon ƙayyade irin shingen. Kalifoniya ta ce ba za a hana mai gida ajiye aƙalla dabba ɗaya ba, amma wannan bai ba shi ƙarin ko taƙi ɗaya a kan shinge ba. Dokar tarayya ta adalcin gidaje, wadda aka faɗaɗa a 1988 ta haɗa da masu buƙata ta musamman, tana ba wanda karensa ke taimaka masa saboda lalura damar neman sassauci. Karen gadi ba ya cikin wannan.

Saboda haka tun kafin a sa hannu a nemi kundin sharuɗɗan, da ƙa'idojin gine-gine, da duk gyare-gyaren da aka yi musu, a kuma nemi ƙungiya ta faɗa a rubuce ko akwai wani laifi da ke kan gidan. A Fulorida, idan ba a ba mai saye takardar sanarwar ƙungiya kafin ya sa hannu ba, yana da kwana uku bayan ta zo hannunsa ya janye, muddin ba a kammala ciniki ba. Sai dai wannan takarda gajeriya ce, tana shaida maka cewa akwai sharuɗɗa ne kawai, ba za ka ga tsayin shinge a cikinta ba. Abin da ya fi tsare mutum shi ne lauyansa ko dillalinsa ya rubuta a cikin yarjejeniyar cewa cinikin ya rataya ne a kan amincewarsa da takardun ƙungiya, kuma in sharuɗɗan ba su yi masa ba a mayar masa da kafin alƙalaminsa.