Shirin Ƙarin Darasi Kyauta ga 'Ya'yan Talakawa a Makarantun Gwamnatin Amurka

Shirin ƙarin darasi, wanda aka fi sani da SES, wani tsari ne da gwamnatin tarayyar Amurka ta ɗora wa makarantun gwamnati da suka gaza, na biya wa 'ya'yan marasa galihu kuɗin lesin bayan an tashi daga makaranta. Ya fito ne daga dokar ilimi ta "Kada a Bar Wani Yaro a Baya", wadda Shugaba George W. Bush ya sanya wa hannu ranar 8 ga Janairu, 2002. Kuɗin kuwa, kafin a soke tilascin a 2015, ana ɗiba ne daga tallafin makarantun talakawa da aka kafa tun 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson.

Dokar ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa aji 8. A wancan lokacin, makarantar da ke karɓar tallafin, idan ta kasa kai mizanin da jiharta ta gindaya shekara biyu a jere, iyaye na da damar canja wa ɗansu makaranta. In ta kai shekara uku, sai lesin kyauta ya zama tilas. Hukumar ilimi ta gunduma za ta ware abin da ya kai kashi 20 cikin 100 na tallafin don waɗannan abubuwa biyu. Yawanci ana gane yaron da ya cancanta ta hanyar rajistar abincin rana na kyauta ko mai rangwame.

A lokacin, jiha ce ke tantance masu koyarwa, iyaye su zaɓa: kamfanoni, ƙungiyoyin sa-kai, na addini, har da masu koyarwa ta intanet. A nan gizo ke saƙar. Kasuwa ta buɗe, wasu kamfanonin suka dinga jan hankalin iyaye da kyautar kwamfuta da makamantanta, alhali jihohi ba su da isassun ma'aikatan sa ido. An ma gurfanar da wasu bisa karɓar kuɗin darasin da ba su koyar ba. Yaro kuma ya wuni a aji, ga gajiya, ga matsalar motar komawa gida, sai ya daina zuwa. A shekarun farko, kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka cancanta ne kawai suka shiga.

Gundumar da ita kanta ta gaza an hana ta koyar da lesin, lamarin da ya jawo takaddama da birnin Chicago, har aka yi wa gundumar birnin sassauci a 2005.

Daga 2012 gwamnatin Obama ta fara ɗauke wa jihohi wannan nauyi. Sabuwar dokar da Shugaba Obama ya sanya wa hannu ranar 10 ga Disamba, 2015 ta soke tilascin, ta bar wa jihar da ta ga dama ta ware har kashi 3 cikin 100 na tallafin don irin wannan taimako.