Waiwaye: Yadda Bala'i Ya Koya wa Tsibiran Karebiyan Haɗa Kai

A ranar 7 ga Mayu, 1902, dutsen Sufriya da ke tsibirin Sen Binsent a tekun Karebiyan ya yi aman wuta, ya hallaka mutum kusan 1,600. Washegari dutsen Pele na tsibirin Matinik ya fashe, ya shafe birnin Sen Piya da mutanensa kimanin 28,000. Tsibiran biyu maƙwabta ne, amma ɗaya na hannun Ingila, ɗaya na hannun Faransa, kuma babu wata hukuma da ke sa ido kan duwatsun yankin baki ɗaya. Kowa da uban gidansa a Turai, can kuma yake kai kuka.

Shekara 119 bayan haka, a Afrilun 2021, dutsen Sufriya ya sake tashi. Wannan karon masana daga Cibiyar Binciken Girgizar Ƙasa ta Jami'ar West Indies, wadda ke Tirinidad, sun shafe watanni a gindinsa suna auna motsinsa. Da shawararsu Firaminista Ralph Gonsalves ya ba da umarnin kwashe mutanen arewacin tsibirin ranar 8 ga wata. Da safiyar 9 dutsen ya fashe. An raba dubban mutane da gidajensu, toka ta lulluɓe gonaki har ta kai Barbados, amma fashewar ba ta kashe kowa ba. Abin da ya canja tsakanin waɗannan shekaru biyu shi ne tarihin da ya kamata a bi.

Kusan kowace hukumar haɗin gwiwa kan bala'o'i a yankin, wani bala'i ne ya haife ta. Guguwar Gilbert ta daki Jamaika a 1988, Hugo ta bi bayanta a 1989 ta yi wa Montserrat kaca-kaca. Kayan agaji sun zo, amma babu mai cewa ga abin da ake buƙata, ga inda za a kai shi. Saboda haka a 1991 shugabannin CARICOM, ƙungiyar ƙasashen Karebiyan, suka kafa hukumar agajin gaggawa ta CDERA, hedikwatarta a Barbados. A 2009 aka sauya mata suna zuwa CDEMA, aka kuma faɗaɗa aikinta, daga kai ɗauki bayan ɓarna zuwa shiri tun kafin ta auku. Tsarin kamar gayya yake. An kasa yankin gida huɗu, Jamaika da Antigua da Barbados da Tirinidad kowacce na jagorantar na kusa da ita, kuma idan ƙasa ta nemi taimako, sojoji da 'yan sanda da injiniyoyi da masu ƙiyasta ɓarna daga maƙwabta ne ke fara isa.

Guguwar Ivan ce ta tona asirin abin da gayya ba za ta iya ba. A Satumbar 2004 ta afka wa Girenada, ta lalata kusan gida tara cikin goma, ta fasa gidan yari fursunoni suka watse, ta karya itatuwan gyaɗar ƙamshi da ƙasar ke taƙama da su, itatuwan da sai sun shekara da shekaru kafin su sake 'ya'ya. Asarar ta kai ninki biyu na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Maƙwabta sun turo sojoji da abinci, amma baitulmali ya bushe. Haraji ya tsaya, albashi na jira, alƙawuran masu ba da tallafi kuwa sai bayan watanni suke zama kuɗi.

Daga wannan ƙunci aka kafa asusun inshora na CCRIF a 2007, da taimakon Bankin Duniya, ƙasashe 16 suka fara zubi. Dabararsa ita ce ba a jiran a je a ƙirga gidajen da suka rushe. Tun farko an yi yarjejeniya cewa idan ƙarfin iska ko girgizar ƙasa ya kai wani mizani, kuɗi zai fita cikin kwana 14. Haka aka biya Haiti kusan dala miliyan 8 bayan girgizar Janairun 2010. Ba su ne suka gina Haiti ba, amma suna cikin kuɗin farko da suka shiga hannun gwamnatin. Wannan dabara ta ƙetaro zuwa gare mu: Tarayyar Afirka ta kafa makamancin asusun a 2012 domin fari, kuma Nijar na cikin ƙasashe uku da aka fara biya a 2015, tare da Senegal da Muritaniya. Akwai ma wata alaƙar da ta girmi wannan, domin da yawa daga manyan guguwar Karebiyan hadari ne da ke tasowa a Sahel lokacin damina, ya fita teku ta gefen Senegal, ya yi ta tara ƙarfi a kan ruwa mai ɗumi.

Shekarar 2017 ce, a ganina, ta girgiza tushen tsarin gaba ɗaya. An gina shi ne bisa zaton cewa tsibiri ɗaya zai faɗi, sauran su ɗaga shi. Sai ga guguwar Irma ranar 6 ga Satumba ta daidaita Barbuda har aka kwashe duk mutanenta zuwa Antigua, ta wuce ta ragargaza Angila da wasu tsibiran. Kwana 12 kacal bayan nan guguwar Mariya ta sauka a Dominika, ta ɗauke har rufin gidan Firaminista Roosevelt Skerrit. Ma'aikatan agajin da ba su gama da na farko ba, su aka sake kira. Antigua da ya kamata ta jagoranci ɗauki tana fama da nata baƙin. Asarar Dominika ta kai dala biliyan 1.3, wato kashi 226 cikin ɗari na arzikinta na shekara, abin da inshora ta biya kuwa kusan dala miliyan 20 ne.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne ma'aunin da duniya ke auna su da shi. Ana duba kuɗin shigar kowane mutum a ce waɗannan ƙasashe ba matalauta ba ne, don haka rance mai sauƙi ya yi musu nisa. Bayan Irma, tsibiran da ta daka waɗanda ke ƙarƙashin Birtaniya sun tarar dokokin tallafin raya ƙasa ba su shafe su ba, wai sun yi arziki. Ƙasa ta ci bashi ta gina asibiti, iska ta ɗauke shi a dare ɗaya, ta sake cin wani bashin alhali na farko na wuyanta. Tun 1991 Banuwatu, wata ƙasar tsibirai a tekun Fasifik, a madadin ƙawancen ƙananan tsibirai, ta nemi a kafa asusun biyan irin wannan asara, ba a amince ba sai a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Sharm el-Sheikh ta Masar a 2022. Shekara 31 ana jira.

Girenada ba ta tsaya jira ba. Da ta sake tsara bashinta a 2015, ta sa sharaɗin dakatar da biya idan guguwa ta afka mata. Ranar 1 ga Yuli, 2024, guguwar Beryl ta sauka a tsibirinta na Kariyaku, tun daminar guguwa ba ta kankama ba. CCRIF ya biya gwamnati kusan dala miliyan 44, mutanen CDEMA suka kai ɗauki, a watan Agusta kuma Girenada ta sanar da masu bin ta bashi cewa ta ɗage biyan da ke gabanta. Ita ce ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da wannan sharaɗi.