Jogurafi ba haddar sunayen birane ba ne

Har yanzu mutane da yawa in ka ce jogurafi abin da ke zuwa musu a rai haddar manyan birane ne da zanen taswira, in ka ce jiyoloji kuma sai su hango ƙato da guduma yana hawan dutse cikin rana. Wannan tunanin ne ke korar 'yan mata da 'ya'yan talakawa da masu buƙata ta musamman tun kafin su cike fom, iyaye ma su ce me za a ci da shi, alhali ba wanda ya taɓa nuna wa yaran ainihin aikin.

Yanzu fa aiki da yawa a gaban kwamfuta ake yinsa, da GIS, wato manhajar haɗa bayanai a kan taswira, da hotunan tauraron ɗan adam. Landsat, shirin tauraron ɗan adam na Amurka, tun 1972 yake ɗaukar hoton ƙasa, kuma tun 2008 hotunan kyauta ne, ɗalibi zai jera hoton gari na da da na yanzu ya ga yadda gidaje suka cinye hanyar ruwa har ya nuna unguwar da ambaliya za ta fara ci.

Ko a da ma ba duk aikin ake yi a fili ba. Marie Tharp, wata Ba'amurkiya masaniyar jiyoloji, hana ta hawa jirgin ruwa na bincike aka yi don tana mace, a kan tebur ta zauna da lissafin zurfin teku da maza suka kawo, a 1952 ta gano tsagin da ke ƙarƙashin ruwa a tsakiyar tekun Atlantika.

Ni dai ina ganin jami'o'i su riƙa shiga sakandare suna nuna wannan, su kuma ɗauke wa ɗalibai kuɗin fita fili, don kuɗin mota da masauki kaɗai ya isa ya sa ɗan talaka ya canza kwas.