Waiwaye: Sakkwato, daga bakin gulbi zuwa Kalambaina

Baƙon da ya sauka Sakkwato, Hubbaren Shehu ake fara kai shi, sai fadar Sarkin Musulmi. Haka ya kamata. Amma da wuya wani ya ce masa zo ka ga gulbi, alhali ba don ruwan nan ba da garin bai zauna inda yake ba.

A 1809 Muhammadu Bello ya kafa birnin a kan tudu, kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Tudun ya ba da tsaro, fadamar ƙasansa ta ba da abinci. Shehu Usmanu ya taso daga Sifawa ya tare a nan a 1815, nan kuma Allah Ya yi masa rasuwa a 1817. Ganuwa dai ta tafi, amma har yau da Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Atiku ake yi wa mutum kwatance.

Tun kafin Turawa su ci garin a filin Giginya a 1903, kirgin jar akuyar Sakkwato ya riga ya kai Turai. Majema su jeme, ayari ya ƙetara Sahara da shi, can kuma a kira shi fatar Maroko, saboda ta Maroko yake fita. Wannan suna da aka ba wasu yana yi mini ciwo duk lokacin da na ratsa shiyyar Maɗunka na ga dattawa duƙe a kan aiki.

Siminti daga baya ya zo. An kafa kamfanin siminti na Kalambaina a 1962, ya fara aiki a 1967, yanzu yana hannun BUA. Dutsen da ake fasawa a wurin ma ruwa ne ya bar shi: masana sun tabbatar teku ya taɓa kwanciya a yankin, har ana tsintar ɓawon halittun ruwa a cikin dutsen.

Gulbin bai daina tuna mana da kansa ba. A damunar 2010 ambaliya ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Kwalkwalawa. In ka yi baƙo da rani, kai shi gadar Kwalkwalawa da sassafe, lokacin da masunta ke fitowa da kamu, manoman albasa kuma suna tayar da injin ban ruwa.